Yadda Ake Bin Sawun Jirgi a Taswira Lokacin Tsallake Tekun Atalantika, da Takarda ko da Allo

Kusan duk sabon mataimakin matuƙi da aka haɗa ni da shi don mu tsallake Atalantika, tambayarsa ta farko ba ta wuce wannan: "Kyaftin, ga GPS biyu a jirgi, ga kwamfutar hannu a gefen kowa, me za mu yi da wannan shirgegiyar takarda da fensir?" Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce dalilin wannan rubutu. GPS ba kasafai yake ɓata hanya ba. Abin da ke ɓatar da jirgi a kan teku shi ne lambar da mutum ya shigar ba daidai ba, ko wadda aka canza masa ya manta bai gyara ba. Jirgi zai bi wannan lamba sau da ƙafa, ba gardama. Taswira ita ce shaidar da ke tsaye a gefe tana gaya maka ko inda kake shi ne inda aka ce ka kasance. Shaida kuwa ba ta da amfani idan bakinta ɗaya da wanda ake tuhuma. Takarda na iya wannan aiki, kwamfutar hannu ma na iyawa, muddin an bi ƙa'ida. Daga nan zan riƙa kiran kwamfutar hannu "allo".

Misalin da za mu bi shi ne ƙaramin jirgin 'yan kasuwa da ya tashi daga Farnborough a Ingila zuwa Teterboro kusa da New York, da rana, fuska yamma. Wanda ke tashi daga Abuja ko Legas ya bi ta Dakar ko tsibirin Sal zuwa Brazil zai tarar da wasu cibiyoyi da wasu dokoki, amma aikin taswira iri ɗaya ne.

Kayan aiki

Na takarda: taswirar tsallake teku ta Arewacin Atalantika, irin wadda Jeppesen ke bugawa, guda biyu, don akan ɓata ta farko idan aka canza hanya. Fensir biyu a fiƙe, da magogi mai laushi wanda ba ya yage takarda. Rula mai ma'aunin kusurwa. Ma'aunin nisa mai ƙafa biyu, irin na akwatin lissafin 'yan makaranta. Katako mai maƙalli da za ka ɗora takardar a cinya. Ban da biro, sai wajen rubuta izini, wato hanyar da masu kula da sararin sama suka amince ka bi.

Na allo: allo biyu, kowane matuƙi da nasa, da manhajar da ke ba da damar ɗora alama da hannu a kan taswirar teku, kamar ForeFlight ko makamanciyarta. Caja da wayarta, da batir na ko-ta-kwana. Bayanan taswira ana sabunta su duk kwana 28, saboda haka duba kwanan wata tun kana otal, inda intanet ke da ƙarfi. Sannan ka tabbata hukumar ƙasar da ta yi wa jirgin rajista da littafin aikin kamfaninku sun yarda a yi wannan aiki da allo. Jirgi mai lambar 5N yana ƙarƙashin NCAA ta Najeriya, mai lambar N yana ƙarƙashin FAA ta Amurka. Idan littafinku ya ce takarda, to takarda ce, komai kyawun manhajarka.

Na kowa da kowa: takardar tsarin tafiya da ofishi ya aiko, sanarwar turbobin ranar, wato hanyoyin teku da ake tsara wa jirage kowace rana, hasashen yanayi da iska, agogon jirgi da aka saita da UTC, wato lokacin duniya na bai-ɗaya, da littafin NAT Doc 007 na ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, bugu na ƙarshe, don ana yawan yi masa gyara.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka fara

Mil ɗin da ake magana a nan na teku ne, mita 1,852. Digiri ɗaya na latitud, wato daga kudu zuwa arewa, mil 60 ne a ko'ina. Digiri ɗaya na lonjitud kuwa, wato daga gabas zuwa yamma, yana tsukewa yayin da kake yin arewa: a 53N, wato digiri 53 arewa, kusan mil 36 ne. Zangon teku, wato wuraren da aka sa wa alama a kan hanya, galibi suna kan kowane digiri 10 na lonjitud, 020W, 030W, 040W, 050W (W na nufin yamma), saboda haka daga zango zuwa zango mil 360 ne ko kusa da haka, tafiyar minti 50 da ɗoriya. Cibiyar Shanwick ta Birtaniya da Ireland ce ke kula da kai har 030W, daga nan Gander ta Kanada ta karɓa. Sararin sama na Arewacin Atalantika da ake kira NAT HLA ya fara daga FL285 zuwa FL420, wato tsayin ƙafa 28,500 zuwa 42,000. Jiragenmu kan haye sama da shi, FL430 ko FL450, amma wannan bai sauke mana komai daga aikin da ke tafe ba. Kaucewar mil 10 ko fiye daga hanyar da aka ba ka babban kuskure ne da ake rubutawa a bincika, kuma tun 2019 da aka fara ganin jirage ta tauraron ɗan'adam a Shanwick da Gander, ba abin da ke ɓuya.

Mataki na 1: Fitar da uwar takarda

Ofishi zai ba ku kwafi biyu ko uku na tsarin tafiya. Ɗauki ɗaya ka rubuta mata MASTER da manyan baƙaƙe a sama. Ita ce uwar takarda. Duk wani izini, duk wani canji, duk wani lokaci da mai, a kanta ake rubutawa, ita kaɗai. Sauran kwafin ka ajiye su a jaka, nesa da hannu. Na ga ranar da kowane matuƙi ke rubutu a tasa takardar, aka yi canji, ɗaya ya rubuta ɗaya bai rubuta ba, sai da aka ɓata minti biyar ana neman wacce ce mai gaskiya. Idan uwar takardarku a allo take, ku yanke tun a ƙasa allon waye uwa.

Mataki na 2: Zana hanya

A takarda, sa ɗigo a kowane zango ka kewaye shi, ka rubuta lambobinsa a gefe. A misalinmu ƙofar shiga ita ce MALOT, yamma da Ireland, sai 53N020W, 53N030W, haka har gaɓar Kanada. Haɗa su da rula, layi siriri. Irin zanen da ake yi wa waɗannan taswirori ya sa miƙaƙƙen layi a kansu ya yi kusan daidai da hanyar da jirgi zai bi. Kuskuren da sabbin hannu ke yawan yi shi ne ƙirga lonjitud a baibai. A yammacin Greenwich lambobi suna ƙaruwa ne zuwa hagu, saboda haka 022W yana hagun 020W.

Bayan hanyarka, zana turbar da ta fi kusa da kai daga cikin turbobin ranar, da layi mai yanke-yanke. Shanwick ce ke fitar da na rana masu zuwa yamma, suna aiki daga 1130 zuwa 1900 UTC a kan 030W. Gander ke fitar da na dare masu zuwa gabas, daga 0100 zuwa 0800. Ko da kana can sama da su, ranar da inji ya mutu ko iskar cikin jirgi ta zube, ta cikinsu za ka sauko, kuma ba a lokacin ake neman inda suke ba. Rubuta lambar sanarwar a kusurwar takarda.

Sai filayen da za ka karkata idan ta ɓaci: Shannon, Keflavik a Iceland, Gander, Goose Bay, in hanyar ta yi kudu kuma Lajes a tsibiran Azores. A kan layinka sa alamar mararraba, wato wurin da komawa baya da ci gaba ke cin lokaci ɗaya. Takardar tafiya na kawo su da sunan ETP, yawanci uku: na mutuwar inji, na zubewar iska, da na rashin lafiyar fasinja. Ba wuri ɗaya suke faɗawa ba, don tsayi da gudu sun bambanta. Kowanne ka ja masa kibiya biyu da sunan filin da ke kowane gefe.

A allo duk wannan na zuwa a shirye, da taɓawa ɗaya. Nan ne daɗinsa, nan ne kuma haɗarinsa. Wanda ya zana da hannu ya riga ya san hanyar a kansa kafin a rufe ƙofa. Wanda aka saukar masa ita daga ofishi yana iya tashi bai taɓa karanta lamba ko ɗaya ba. In allo za ka yi amfani da shi, taɓa kowane zango ka buɗe cikakkun lambobinsa ka gwada da uwar takarda, ɗaya bayan ɗaya, kana faɗa da baki.

Mataki na 3: Shigar da hanya a kwamfutar jirgi

Mutum ɗaya ya shigar, ɗayan ya zo daga baya ya duba shi kaɗai. Mai dubawa ya karanta daga fuskar FMS, wato kwamfutar jirgin, ya koma uwar takarda. Idan ya fara da takarda, idonsa zai ga abin da yake sa ran gani.

Kada ka yarda da gajeren suna. A tsarin da kwamfutocin jirgi ke amfani da shi, 5330N na nufin 53N030W, amma N5330 na nufin digiri 53 da rabi. Harafi ɗaya ya tashi daga ƙarshe ya koma farko, jirgi ya matsa mil 30. Saboda wannan ruɗani aka fito da wani salon mai farawa da H don zangon rabin digiri, amma ba kowane jirgi ke da shi ba. Maganin kawai a buɗe zangon a ga lambobinsa cikakku, digiri da minti.

Daga nan gwada alƙibla da nisan kowane zango da na uwar takarda. Bambancin da ake yarda da shi digiri 2 ne da mil 2. A nan ina so ka tsaya ka duba wani abu da kyau. Daga 53N020W zuwa 53N030W mil 361 ne. Daga 53N020W zuwa 54N030W mil 362 ne. Mil ɗaya tak ya raba su, alhali a ƙarshe suna rabuwa da mil 60. Wanda ya duba nisa kaɗai ya ce daidai, bai duba komai ba. Alƙibla ce ke tona asiri: ta farko tana farawa da kusan digiri 274, ta biyu da kusan 284, bisa arewar gaskiya. Ka kuma san irin alƙiblar da takardarku ke bugawa, ta maganaɗisu ce ko ta gaskiya, ta farkon zango ce ko ta tsakiyarsa. Tsakanin farko da tsakiya akwai kusan digiri 4 a wannan yanki, ya isa ya tayar maka da hankali a banza, ko ya rufe maka kuskure.

Alamomin da ake sawa a uwar takarda huɗu ne: lamba a gefen zango idan an shigar, kewaye idan na biyu ya duba, alamar maki idan an gwada alƙibla da nisa, sai a soke da layi idan an wuce.

Mataki na 4: Kafin ƙofar teku

Kana sama da Ireland, tashoshin ƙasa na nan a kusa, to yi amfani da su kafin su ɓace. Ɗauki alƙibla da nisa daga tashar VOR ta Shannon, wato tashar rediyon ƙasa mai nuna wa jirgi alƙibla, ka gwada da abin da FMS ke cewa, ka rubuta a gefen taswira tare da lokaci. Rubuta abin da ma'aunan tsayi uku ke nunawa. Manyan biyun kada su saɓa da fiye da ƙafa 200. A 'yan shekarun nan wannan gwaji ya ƙara daraja, saboda jiragen da suka fito daga Gabas ta Tsakiya ko kewayen Bahar Aswad kan iso da GPS da aka dagula masa lissafi, wani lokaci har da agogo. GPS ɗin da ke cikin allonka ma ba tsira ya yi ba, sama ɗaya suke saurare.

Saƙon neman shiga Shanwick ana aika shi tsakanin minti 90 da minti 30 kafin ƙofa. Tun 2024 wasu cibiyoyin yankin suka fara barin tsohon salon ba da izinin teku na daban, saboda haka karanta abin da ke aiki a ranar tafiyarka. Ko wane salo ne, abu ɗaya bai canza ba: ana iya sauya maka hanya.

Mataki na 5: Idan aka canza izini

Wannan mataki shi ne zuciyar aikin. Da yawa daga jiragen da suka kauce a Atalantika, hanyar da suka nema suka bi maimakon wadda aka ba su.

Da izini ya shigo, matuƙan biyu su karanta, kowa a ransa, sannan su faɗa wa juna abin da suka fahimta. Rubuta shi a uwar takarda, soke tsohon zango da layi ɗaya yadda za a iya karanta shi. Daga nan wurare uku ke jiran gyara: FMS, taswira, da alƙibla da nisan sabbin zanguna. Tsofaffin lambobin takardar tafiya sun tashi aiki, sai ka auna sabbi da rula a taswira, ko ka duba jadawalin nisa, ko ka nemi ofishi ya turo sabon tsari. Duba mararraba ma, ta yiwu ta matsa.

Abin da ya sa nake nanata wannan, ya taɓa faruwa da ni ina kujerar dama, ta mataimaki. Mun nemi 53N030W, aka ba mu 54N030W. Kyaftin ɗina, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya gyara FMS, na duba, na rubuta a uwar takarda. Ana cikin haka aka kira mu ta rediyon HF mai kaiwa nesa don gwajin SELCAL, wato ƙararrawar da ake kiran jirgi da ita, mai kula da fasinja kuma ta shigo da tambaya, allon ya fita a raina. Minti goma bayan 020W na ɗora alamar inda muke, sai ga ta mil 12 arewa da layi. Gabana ya faɗi. Na ce, "Yallaɓai, mun kauce." Bai taɓa komai ba. Ya dubi allon, ya ce, "Wannan layin na waye, na izini ko na ofishi?" Na ofishi ne. Jirgin na kan hanyarsa daidai, allon ne ke riƙe da tsohon labari.

Abin da ya hana ni barci a daren nan a otal shi ne juyin lamarin. Da FMS ɗin ma mun manta da shi, da alamar ta faɗa daram a kan layi, da na yi murmushi na rubuta lokaci, jirgi kuma na tafiya zuwa mil 60 daga inda Shanwick ke zatonmu. Allon da kwamfutar jirgi daga tushe ɗaya suka sha, dole bakinsu ya zo ɗaya. Tun daga ranar, idan izini ya canza, da hannuna nake shigar da sabon zango a allo, ina karantawa daga uwar takarda. Ba na barin FMS ta tura masa, ba na barin ya tura mata.

Mataki na 6: A kowane zango

Saura minti biyu ko uku ka isa, buɗe zango na gaba da wanda ke bayansa, ka gwada cikakkun lambobinsu da izinin da ke hannunka a yanzu. A kan zangon, kalli jirgi yana juyawa, ka tabbata alƙiblar da ya kama da nisan da ya nuna su ne na uwar takarda, kuma na'urar tuƙi na bin hanya, ba a bar ta a kan alƙiblar hannu ba. Wannan na faruwa bayan an kauce wa hadari. Rubuta lokaci da man da ya rage, soke zangon. Idan da baki kake ba da rahoto kuma lokacin isarka zango na gaba ya sauya da minti 3 ko fiye, sanar da su.

Mataki na 7: Alamar minti goma

Danna agogo a kan zango. Bayan minti 10, ko bayan digiri 2 na lonjitud, kusan abu ɗaya ne a gudunmu, karanta inda jirgi yake daga na'urar da ba ita ke tuƙi ba. Rubuta lambobin da lokaci tukuna, sannan ka ɗora. Ni na fi son digiri 2, don layin 022W na nan a zane, latitud kaɗai zan nema. A hanyar 54N030W, idan ka iso 022W ya kamata ka ga kusan digiri 53 da minti 16. In ka ga minti 4, to 53N030W jirginka ya nufa.

Ga inda takarda ke da rauni, kuma gara ka sani. A taswirar da inci ɗaya ke daidai da mil 120, milimita ɗaya ta kusa mil 5. Kuskuren digiri ɗaya zai fito a matsayin milimita biyu da rabi, ana gani. Kuskuren rabin digiri kuwa mil 6 ne a wannan lokaci, milimita ɗaya da 'yan kai, dakusasshen fensir zai haɗiye shi. Shi ya sa na ce fensir biyu a fiƙe. Allo ya fi takarda a nan nesa ba kusa ba: ka buɗa hoton, ya gaya maka nisanka da layi har da ɓurɓushin mil. Amma ka shigar da lambobin da hannu daga na'urar jirgi. Ɗan jirgin da ke yawo a fuskar allo abin kallo ne mai amfani, sai dai ba shi ne alamar da ake nema ba.

Lura kuma cewa mil 12 ya riga ya haura iyakar mil 10. Alamar minti goma tana kama kuskure ne bayan ya fara. Binciken da ke hana shi aukuwa shi ne na mataki na 5 da na 6.

Idan kana kaucewar da doka ta yarda da ita, mil 1 ko 2 zuwa dama don rage haɗarin karo da guje wa guguwar jirgin gaba, alamarka za ta ɗan faɗa dama da layi. Hagu ba a yarda ba sam. Wasu kuma kan ce ai fuskar jirgi na nuna sifili a ma'aunin kaucewa, ya wadatar. Sifilin nan shaida ce kawai cewa jirgi na bin abin da aka shigar masa. In littafinku ya yarda da duba fuskar jirgi a madadin ɗora alama, to dole a haɗa shi da sake karanta lambobin zango na gaba a gwada da izini.

Alama ta faɗi a waje? Kada ka juya jirgi tukuna. Sake karanta lambobin, sake ɗorawa, gwada layin da izini, gwada FMS da izini, dubi na'ura ta biyu da ta uku. Duk wannan bai fi minti ɗaya ba. In kaucewar gaskiya ce, gaya wa masu kula da hanya nan take, ta saƙon rubutu na CPDLC ko rediyon HF, ka koma hanya.

Mataki na 8: Idan wani abu ya rasa

Allo ya mutu. Abin da ya fi kashe shi zafi ne. Mai tafiya yamma da rana, rana na gefen hagu awa da awanni, tana dukan allon kyaftin ta taga har ya kashe kansa. Cire shi daga maƙalli, fitar da shi daga rigarsa, sa shi a inuwa kusa da iskar sanyi, ka ci gaba da na mataimaki. Kada ku bari duka biyu su sauka ƙasa da rabin caji, kada kuma ku sabunta manhaja a daren tafiya.

Duka biyu sun mutu. Nan ne za ka gode wa takardar da ka zana tun a ƙasa. Ni ko a jirgin da aka yarda mana da allo zalla, ina zana hanya da mararraba a takarda in naɗe ta a aljihun gefe. Minti goma take ci.

Ba taswirar takarda a filin da kuka kwana. Yawancin ofisoshin tsara tafiya na haɗa shafin taswirar hanya a cikin abin da suke turowa, sa a buga maka shi a babbar takarda. In wannan ma babu, nemi takarda mai gidaje irin ta lissafi, ka ba kowane digiri na latitud gida 10, na lonjitud gida 6, zango ɗaya a shafi. Sai dai a irin wannan zane hanyar jirgi kan ɗan yi doro zuwa arewa, mil 4 a wajen digiri 2, mil 6 a tsakiya, kada ya firgita ka. Wannan dabarar ceto ce, ba ta maye gurbin abin da littafinku ya wajabta.

A bayan taswira, ko a shafin farko na allo, rubuta matakan gaggawa da hannunka: in dole ka bar hanya ba izini, juya aƙalla digiri 30 ka kafa layi mil 5 a gefe. In hadari ya tilasta ka kauce mil 5 ko fiye ba izini, wanda ya kauce arewa ya sauka ƙafa 300, wanda ya kauce kudu ya hau ƙafa 300. Rediyo ɗaya a 121.5 na gaggawa, ɗaya a 123.45 na magana tsakanin matuƙa.

Mataki na 9: Bayan gaɓa

Da ka shiga hannun radar ɗin Kanada, soke kaucewar dama in ba ka riga ka soke ba kafin ƙofar fita, sake gwada FMS da tashar ƙasa ta farko ka rubuta. A ƙasa, rubuta kwanan wata, lambar jirgi da sunayen matuƙa a taswira, haɗa ta da uwar takarda da sanarwar turbobi a ambulan ɗaya. Na allo kuma ka fitar da shi ka tura ofishi kafin ka bar ɗakin tuƙi, don wasu manhajojin na share alamomi idan aka loda tafiya ta gaba. Wasiƙar bincike kan zo ne bayan makonni, lokacin da ba wanda ke tuna me aka ce a 030W, kuma abin da ke cikin ambulan nan shi za a tambaye ka.

Ga wanda ke shirin tsallakensa na farko, shawarata ita ce ya yi biyar na farko da fensir, ko da allo na gefensa yana aiki. Ya nemi tsofaffin takardun tafiya a ofishi ya zauna da su a tebur, ya zana, ya sa abokin aiki ya canza masa zango ɗaya ba sanarwa, ya auna sabuwar alƙibla da rula har hannunsa ya saba. In ya iya faɗin latitud ɗin da yake sa ran gani a 022W kafin ya dubi na'ura, to a ba shi allo.